Ɗalibin Hausa da Kimiyyar Sauti: Abin da Makaɗin Kalangu Ya Riga Mu Sani

A Sashen Hausa da wuya a wuni ba a ambaci kalmar "sauti" ba. Muna da tsarin sauti, muna da karin sauti, muna da sauti mai ziza da maras ziza, kuma duk wanda ya kai aji biyu zai iya zana maka gaɓoɓin furuci tun daga leɓɓa har maƙwallato ba tare da ya leƙa littafi ba. Amma a tsayar da ɗalibi guda a bakin ɗakin lacca a ce masa, "Malam, shi sautin nan mene ne shi? In ya bar bakin mai magana, me ke tafiya har ya isa kunnen mai sauraro?" Nan take za ka ga ido ya raina fata. Amsar mafi yawanmu ita ce wannan aikin 'yan kimiyya ne, mu kuwa tun aji huɗu na sakandare aka raba mu da su, aka ce mu 'yan adabi ne. Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne wannan uzuri ba ya karɓuwa, kuma ya kamata sashenmu ya koyar da tushen kimiyyar sauti, da Hausa, kafin a ɗora wa ɗalibi nauyin haddace sunayen kari.

Zan ɗauko yawancin misalaina daga Kademi, cikin Ƙaramar Hukumar Gaya a gabashin Jihar Kano, domin can na fi sani, kuma domin mai karatu ya ga kayan aikin wannan darasi suna nan zube a kowane gari na karkara. Ƙasar Gaya ma tana da haƙƙi na musamman a wannan zance, tun da labarin gargajiya ya nuna Abagayawa, maƙeran da suka zauna gindin Dala wajen neman tama, daga Gaya suka fito. Maƙera kuwa ɗakin nazarin sauti ce da ba a raɗa wa wannan suna ba: maƙeri yana buga lauje ko gatari ya saurari amonsa, ya gane ko da tsaga a ciki tun ido bai gani ba.

To, mene ne sauti? Duk sautin da kunne ya taɓa ji daga wani abu mai kaɗawa ya fito. Mai karatu ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa ya ja "zzz", sa'an nan ya ja "sss". A na farko zai ji wata 'yar karkarwa a ƙarƙashin yatsa, a na biyu ba zai ji ba. Wannan karkarwa ita ce zizar da muke rubutawa a jarrabawa, watau tantanin maƙwallato yana buɗewa yana rufewa da sauri ƙwarai. Haka fatar ganga take yi in an doke ta. In ta bulluƙo waje sai ta matse iskar da ke gabanta, in ta koma ciki sai iskar ta saki. Iskar da aka matse ta tura ta gaba da ita, ita ma ta tura ta gaba, har turin ya isa tantanin kunne ya kaɗa shi. Abin lura a nan shi ne iskar ba ta barin wurinta ta tafi. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gonar gero a watan Agusta ya ga iska ta bi ta kanta, ya ga zangarniya tana sunkuyawa tana miƙewa layi bayan layi har ƙarshen gona, alhali ko kara ɗaya bai gusa daga inda aka shuka shi ba. Abin da ya ƙetare gonar shi ne motsin, kuma irin wannan motsi mai tafiya shi nake kira taguwar sauti, aro daga taguwar ruwa.

Wannan bayani ba baƙo ba ne a zauren malamanmu na da. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rubuta ɗan littafi mai suna Asbabu Hudusil Hurufi a kan yadda haruffa ke samuwa, inda ya danganta sauti ga taguwar da iska ke yi in an bugi abu ko an fizge shi. Sai a 1660 Robert Boyle na Ingila ya buga rahoton gwajin da ya yi: ya sa agogo a cikin tulun gilashi, ya zuƙe iskar ciki da famfo, sai ƙarar agogon ta dushe har ta ɓace ga kunne, ga shi kuwa ana ganin yana aiki. Ashe in babu abin da za a matsa, babu sauti. Mu da muke alfahari da gadon makarantun zaure da ilmin makhariji, bai dace a ce mun bar wa wasu tambayar da likita kuma malami irin Ibnu Sina ya ga ta cancanci littafi ba.

Taguwar nan tana da gudu sananne. A iska mai ɗumin digiri 20 tana cin kimanin mita 343 a sakan guda. A zafin bazara irin na ƙasar Kano, in ya kai digiri 40, sai ta kai wajen mita 355, domin iska mai zafi ta fi saurin miƙa turi. A cikin ruwa gudun ya kusa mita 1,500, a cikin ƙarfe kuwa ya zarce mita 5,000. Haske shi kuma kilomita 300,000 yake ci a sakan, don haka duk abin da ya faru a nesa ido ne ke fara samun labarinsa. Shi ya sa in kana hangen mai faskare daga ɗaya gefen gona za ka ga gatari ya sauka kafin ka ji "ƙwas". Shi ya sa kuma walƙiya ke riga tsawa. Manomin da hadari ya taso masa daga gabas yana iya ƙirga sakan tsakanin walƙiya da tsawa, ya raba uku, ya sami nisan abin da kilomita. In tazarar tana raguwa, to ya ɗauki fartanyarsa ya nufi gida, kada kuma ya fake gindin kuka.

Yanzu sai mu zo inda gizo ke saƙa, watau kari. Abin da kunne ke ji a matsayin sama ko ƙasa ba kome ba ne illa yawan kaɗawa a cikin sakan guda. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira hats, don tunawa da Bajamushe Heinrich Hertz wanda ya rasu a 1894. Kaɗawa ɗari a sakan ita ce hats 100. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga hats 20 zuwa 20,000, kuma saman nan yana zaizayewa da shekaru. Muryar namiji baligi a magana ta yau da kullum tana yawo tsakanin hats 85 da 180, ta mace kuwa tsakanin 165 da 255. Saboda haka in muka ce "kuka" na hawaye yana da karin sama a gaɓoɓinsa biyu, "kuka" ta miya kuwa tana faɗuwa a gaɓa ta biyu, abin da muke nufi shi ne a kalma ta biyun tantanin maƙwallato ya sassauta, ya rage yawan kaɗawarsa. Haka bambancin "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, haka "baba" mahaifi da "baba" uwa da "baba" na marina.

Duk wannan makaɗin kalangu ya san shi da hammatarsa. Kalangu ice ne mai tsukakken ƙugu, da fata a bakunansa biyu, da tsarkiya da ta haɗa fatun. In makaɗi ya matse tsarkiya da damtse fata ta ɗaure, ta ƙara saurin kaɗawa, murya ta hau. In ya saki, ta sauka. In kuwa ya doka yana matse sa'an nan ya saki kafin amon ya mutu, sai ka ji ainihin faɗuwar nan da ke cikin "kai" na bisa wuya, wadda ta bambanta shi da "kai" na wanda ake yi wa magana. Abin da tsokokin maƙwallato ke yi wa tantaninsa ke nan, ba ragi ba ƙari. Wani malamin Faransa, Marin Mersenne, ya tsara dokokin wannan al'amari a kan tsirkiya a 1636: in ka rage tsawonta da rabi, kaɗawa ta ninka biyu, in kana so ka ninka ta biyu ta hanyar ɗauri, sai ka ninka ɗaurin huɗu, in ka ƙara mata nauyi, murya ta yi ƙasa. Mai goge da ke gusa yatsa, da Ɗanmaraya Jos a kan kuntiginsa, doka ta farko suke bi. Makaɗan Mamman Shata da kalangunsu ta biyu suke bi. Mai kotso da ke liƙa nake a tsakiyar fata ta uku yake bi. Makaɗin da ya kara gangarsa kusa da wuta da damina, don danshi ya sa fata ta saki, shi ma bai fita daga lissafin ba.

A nan zan saɓa wa wata magana da muke yawan maimaitawa a takardunmu, cewa wai kalangu yana magana. Rabin gaskiya ce. Kalangu yana iya kawo kari da tsawon gaɓa da lugude, amma ba shi da leɓe ko harshe, don haka ba shi da baƙi ko ɗaya. "Kuka" na hawaye da "baba" na marina, a bakin kalangu abu guda ne, domin karinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya. Abin da ya sa mahauci a kasuwa ke zabura in an kaɗa takensa shi ne ya riga ya san kalmomin, kiɗan ya zana masa inuwarsu, shi kuma ya cika sauran da kansa. Baƙon da bai san taken ba sai dai ya ji daɗin kiɗa. Ɗalibin da ya fahimci me sauti ya ƙunsa zai iya faɗin abin da ganga ke ɗauka daga magana da abin da take bari, maimakon ya tsaya ga yabon hikimar kakanni kurum, yabon da ba ya ƙara wa kowa sani.

Abin da kalangu ya rasa, tulu ya bayyana shi. Yarinyar da ke ɗiban ruwa ba ta bukatar leƙa cikin tulu ko jarka. Tana jin amon yana hawa yana hawa, ta san ya kusa cika. Dalili shi ne kowane kogo yana da muryoyin da yake ƙarfafawa gwargwadon girmansa da sigarsa, in sararin iska ya ragu sai ya koma ƙarfafa na sama. Bakin ɗan Adam kogo ne da ke sake siga a kowane motsi na harshe da leɓɓa. Namiji ya furta "a" da "i" a kan kari ɗaya, tantanin maƙwallatonsa bai sake kome ba, amma a "a" kogon yana ƙarfafa sautin da ke wajen hats 700, a "i" kuwa wanda ke wajen 300 tare da wani can sama da 2,000. Wannan shi ne bambancin wasali da wasali. Zanen nan mai kusurwa huɗu da muke haddacewa, wanda ke da "gaba" da "ƙurya" da "sama" da "ƙasa", taswirar kogon nan ce.

Me rashin wannan sani ke jawo mana? Kowa ya san darasin sa alamar kari shi ne makabartar maki a sashenmu, kuma ina ganin rabin laifin na nan. A ɗauki jimlar "Audu ya tafi kasuwa". Duk karin saman da ya biyo bayan na ƙasa yana fitowa ƙasa da na saman da ya gabace shi, ta yadda jimla ke gangarowa kamar mai sauka daga matakala. A doguwar jimla, karin saman ƙarshe yana iya zama ƙasa da karin ƙasan farko. Ɗalibi ya ji muryarsa ta yi ƙasa a ƙarshen "kasuwa", ya sa alamar ƙasa, a soke. Kunnensa bai yi masa ƙarya ba. Abin da ba a nuna masa ba shi ne kari a harshe gwaji ne tsakanin gaɓa da maƙwabciyarta, ba adadi ne tsayayye ba, kamar yadda karin ƙasan mace ke iya fin karin saman namiji tsawo. Da an zana masa layin muryarsa a allo sau ɗaya ya ga matakalar da idonsa, da an huta.

Haka abin yake ga tsawon wasali, wanda shi ma lokaci ne da ake iya aunawa. Da shi kaɗai "dafa" na tukunya ya bambanta da "dafa" na kafaɗa. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna kari ba ta nuna tsawo, har ya zama "ya tafi" a takarda tana iya zama labarin abin da ya wuce, ko umurni, ko tsammanin abin da zai zo, sai mai karatu ya duba muhalli. Mu da aka haifa cikin harshen muna cike giɓin ba tare da mun lura ba. Na'urorin da a yau ake koya wa karanta Hausa da murya kuwa dole su yi canke, kuma wanda zai iya gyara musu shi ne wanda ya san Hausa ya kuma san yadda ake auna murya. In sashenmu bai yaye irin wannan mutum ba, wasu za su yi aikin, mu kuma mu koma gefe muna ƙorafin an ɓata mana harshe.

Na san akwai masu ja. Wani zai ce Bargery ya sa alamun kari a ƙamusunsa na 1934 da kunne kawai, malamanmu ma da kunne suka yi duk abin da muke karantawa. Gaskiya ne, kuma babu na'urar da za ta maye gurbin kunnen da ya horu. Sai dai kunne ba ya iya nuna wa wani abin da ya ji. In mutum biyu suka saɓa a kan karin wata kalma, yawanci wanda ya fi girman muƙami ke yin nasara. Awo yana ba ƙaramin ɗalibi damar ya kawo hujja cikin ladabi. 'Yan'uwana masu nazarin waƙa kuma za su ce wannan lissafi zai kashe daɗin adabi. Ina tunatar da su cewa Farfesa M.K.M. Galadanci, a maƙalarsa ta 1975 a mujallar Harsunan Nijeriya kan auren arulin Larabci da waƙar Hausa, a kan nauyin gaɓa ya gina hujjarsa, nauyin gaɓa kuwa tsawon lokaci ne. Farfesa Ɗalhatu Muhammad da ya fito da batun amsa-amon kari a 1980, a kan hawa da saukar murya a ƙarshen ɗango ya yi magana. Masu adabi sun daɗe da shiga gonar fiziks, ba su dai gaisa da mai gonar ba.

Uzurin tsada ma ya faɗi. A da sai jami'a mai hali ke iya sayen na'urar zana murya. Yau akwai manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira, kyauta ake sauke ta, kuma kowace ƙaramar kwamfuta tana ɗaukarta. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta isa ɗaukar murya mai kyau in an sami ɗaki shiru. Ɗalibi ɗan Kademi ko Ajingi da ya je hutu zai iya neman izinin dattawan garinsu ya ɗauki hirarsu, ya dawo ya gwada da ta 'yan birni, ya gani ko akwai bambanci a tsawon wasali ko gangaren jimla. Wannan kundin digiri ne da ya fi a sake tattara karin magana ɗari da aka riga aka tattara.

Akwai ma tambayoyin da mutanen gari ke yi waɗanda ya kamata ɗan jami'a ya iya amsawa. Me ya sa da dare, musamman da sanyin hunturu, ake jin gangar biki daga ƙauyen da ba a jin motsinsa da rana? Shirun dare yana ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Da rana iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama zafi, sai taguwar ta lanƙwasa ta yi sama ta wuce kan mutane. Da dare ƙasa ta huce, iskar sama ta fi ɗumi, sai taguwar ta lanƙwaso ƙasa ta sauka a nesa. Me ya sa kuma daga nesa gangar ake ji, algaitar ta ɓace? Domin sauti mai hats 100 tazarar da ke tsakanin matsi da matsi a cikinsa ta kusa mita uku da rabi, yana kewaye katanga da rumbu ya wuce, iska kuma ba ta cinye shi da wuri. Mai hats 1,000 kuwa tazararsa ba ta fi kamu ɗaya ba. Ba banza ba tambarin sarauta ke da babbar murya. Sai kuma ƙarfin sauti, wanda ake aunawa da desibel: masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa tsirowa. Yaron da ke wuni a gindin injin niƙa, da wanda ke kwana gaban lasifikar biki, suna bukatar wanda zai faɗa wa iyayensu wannan da Hausa.

Sauran aiki shi ne na kalmomi, kuma wannan namu ne, ba na 'yan fiziks ba. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya ba mu abin da muke nazarin harshe da adabi da shi, ya kamata a ɗora a kansa. Ni na zaɓi "taguwa" a kan "igiya", domin a zancen kayan kiɗa igiya tana da wata ma'ana, za a rikice. Tazarar da ke tsakanin matsi da matsi kuwa ba sai mun wahala ba: ma'aikatan gidajen rediyo sun riga sun koya wa kowane Bahaushe "gajeren zango" da "matsakaicin zango", ko da yake taguwar rediyo daban take da ta sauti. A ce mata "zangon taguwa", a wuce. Inda nake ganin za a sha muhawara shi ne raba "amo" da "sauti" da "ƙara" da "murya", domin a bakin jama'a suna shiga juna, kimiyya kuwa tana son kowace ta tsaya a matsayinta.

Shawarata ga malamaina, cikin girmamawa, ita ce a ware makonni huɗu a farkon darasin furuci na aji biyu. A gayyato malami guda daga Sashen Fiziks ya zauna da namu su daidaita bayani, a hana shi cika allo da lissafin da ya wuce ninkawa da rabawa. A sa kowane ɗalibi ya ɗauki muryarsa yana faɗin "gari" na zama da "gari" na tuwo, ya auna, ya kawo adadi. A mako na ƙarshe kuma a kawo makaɗin kalangu cikin aji, a rubuta jimla a allo, ya kaɗa ta, ɗalibai su sa alamar kari daga abin da suka ji. In an tashi sallamarsa, a biya shi daga asusun sashe daidai da yadda ake biyan duk malamin da aka gayyato daga waje, kada a haɗa masa karo-karo a bakin ƙofa.